Shekarar da Aka Cire Sunan Mahaifinku

Na san abin da ake gaya muku a dangi. Ana cewa uwarku Baraka ce ta kunyata baffanku Alhaji Isufu a bainar jama'a, shi ya sa muka bar gidan gado muka koma ɗakin haya a bayan tashar Matameye. Ban taɓa tsayawa musu da kowa a kan wannan magana ba, domin a lokacin ina da bakuna uku da ke jiran tuwo, ba ni da sararin kare kaina. Yanzu da ciwon gwiwa ya zaunar da ni, karatun manya da na yi kuma ya bar min hannun rubutu, bari in faɗa muku yadda aka yi, kada ku gaji gabar da ba ku san asalinta ba.

Mahaifinku ɗan cin rani ne, kamar yawancin mazan unguwarmu. Da an ɗaure gero an zuba a rumbu sai ya ɗauki jakarsa ya tsallaka iyaka, ya nufi Ikko inda yake sayar da shayi a bakin wata kasuwa. Ba ma sake ganinsa sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. Wata shekara ruwa ya sauka, abokan tafiyarsa suka dawo, shi bai dawo ba. Suka yi sallama a zaure, suka ajiye jakarsa da rediyonsa a gaban kakarku Inna, suka ce zazzaɓi ne ya kwantar da shi, sun yi masa sutura sun binne shi a can. Kai babbansu kana aji huɗu a lakwal a lokacin, Zuwaira tana tatata, Habu kuwa yana bayana a goye. Na yi takaba a ɗakina na gama. Gari duka ya san mahaifinku ya rasu, liman ya yi addu'a, an yi sadaka. Amma babu wanda ya taka zuwa meri, ofishin magajin gari, ya faɗa wa hukuma. Wa ke kai wa meri labarin mutuwa a wancan zamani? Haihuwa ma ba a tunawa da takardarta sai yaro zai shiga lakwal.

Ina so ku ji wannan da kyau kafin in ci gaba: baffanku ya riƙe mu. Shi ne ƙanin mahaifinku, shi gida ya koma hannunsa. A shekarar da gero ya ƙone tun bai yi kai ba, sansa na noma ya kai kasuwa ya sayar ya sayo hatsi, kuma mudun da aka auna wa matarsa Hajiya Tsahara shi aka auna min. Ya bar min kason mahaifinku a garkar rake ta fadama, ina sa a noma ina sayarwa. Da can ma abokin wasana ne, irin wasan ƙanin miji, yakan leƙa tukunyata ya ce miyar matar Yaya ba ta san gishiri ba. Aibinsa ɗaya ne, siyasa ta shiga jininsa. Shi ne idon wani parti a unguwarmu, kuma darajar mai irin wannan aiki a wurin ɗan takara ita ce yawan kawunan da zai iya kawowa.

Duk lokacin da zaɓe ya matso, mai unguwa yakan raba katuna, kowane maigida ya karɓi na mutanen gidansa. Katin mahaifinku bai taɓa fashin zuwa ba. Baffanku yakan miƙa wa Inna shi, ita kuma ba ta karatu amma ta san na wane ne. Sai ta shafa shi, ta sa a ƙarƙashin matashinta, ya kwana biyu a wurinta kafin ya aiko a karɓa. Ni a zatona mayar wa hukuma yake yi.

Ranar da na gane ba haka ba ne, ina cikin layin mata a farfajiyar lakwal, rana tana dukan ƙeyata. Ajin da aka sa akwatin zaɓe tagarsa a buɗe take, kana jin ma'aikaci yana kiran sunan duk wanda ya miƙa kati. Sai na ji an kira sunan mahaifinku, har da na kakanku a haɗe. Kafin in gama razana sai wata murya ta amsa.

"Na'am."

Na ɗaga kai na leƙa. Wani magidanci ne daga wajen Dawce da ke yi wa baffanku ƙwadago a garka. Ya dangwala yatsa a tawada, ya jefa ƙuri'a, ya fito yana goge hannu a riga. Ya wuce ta gabana bai ko san ni ba. Har yau ban san abin da na jefa a akwati ran nan ba. Abin da ya fi ci min rai kuwa, mahaifinku da ransa bai taɓa zaɓar partin baffanku ba. Kowace damina sai sun yi ta musu a gindin rumbu har tuwo ya huce, shi yana cewa waɗannan mutane ba su da alkawari. Ga shi ƙasa ta rufe masa ido, an mayar da shi ɗan partinsu mafi biyayya. Na haɗiye abin, na koma gida na ɗora tukunya. Mai cin hatsin wani ba ya ɗaga murya. Haka na yi shiru har wani zaɓen ya zo ya wuce.

Sai shekarar da nake ba ku labari ta zo. Da kaka ne, ana tsakar cirar gyaɗa, rediyo ya fara faɗin cewa za a gyara kundin masu zaɓe, a saka matasan da suka isa, a cire waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Mai shela ya zaga unguwa da gangarsa ya ce kwamiti zai zauna a ƙofar gidan mai unguwa, za a karanta sunaye ɗaya bayan ɗaya, duk mai mamaci ya zo ya faɗa tare da shaida daga cikin gida. Da la'asar ɗin ranar baffanku ya shigo gaida Inna, ni ina gefe ina tankaɗe. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Alhaji, zan je in faɗa musu."

"Ki faɗa musu me, matar Yaya?"

"Abin da kowa ya sani. Yayanka ya rasu."

Ya yi dariya tukuna, yana zaton tsohon wasanmu ne. Da ya ga fuskata sai ya jawo turmi ya kifa ya zauna, ya yi min magana a tsanake, kuma ba zan ce maganarsa shirme ce ba. Ya ce in dubi matan unguwarmu, kullum suna kan hanyar rijiya da tulu. Ya ce ɗan takara ba ya kai famfo inda babu kawuna, kuma unguwannin abokan hamayya ma cike suke da matattu, babu wanda zai cire nasa. In mun cire namu su ba su cire ba, mun yanka wa kanmu wuya.

"Yaya ba ya shan ruwa yanzu," in ji shi, "amma 'ya'yansa suna sha. In sunansa zai jawo musu famfo, ina laifin?"

"Da yana da rai zai ba ka ƙuri'arsa?"

Inna ce ta yi magana daga kan tabarmarta, ba ta ko dube mu ba.

"Ku bar shi inda yake. Ban ga gawarsa ba, ban san kabarinsa ba. Wurin nan kaɗai ya rage da ake kiransa a cikin mutane. Ke yarinyar nan, kada ki kashe min shi sau biyu."

Maganar Alhaji ba ta girgiza ni ba, amma ta Inna ta kusa karya ni. Matar nan ita ta riƙe min kai a haihuwarku duka. Na yi kwanaki ina juya abin a raina, ina daka ina tunani, ina wanki ina tunani. Wata safiya muna ɓarar gyaɗa mu biyu a inuwar ɗakinta, na tambaye ta ko ta san inda katin yake zuwa idan an karɓa daga ƙarƙashin matashinta. Ta ce hukuma ake mayar wa mana. Sai na ba ta labarin tagar lakwal, da muryar da ta amsa. Hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya.

"Wani ya amsa?"

"Ya amsa, Inna. Da kunnena na ji."

"Ya ce na'am?"

"Ya ce na'am."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, tana zuba ɓawo a cikin tsaba, tsaba a cikin ɓawo, ni kuwa ban gyara mata ba. Ban san ko na samu goyon bayanta ko na ƙara mata ciwo a banza ba. Ana gobe kwamiti zai zauna, baffanku ya tsaya a bakin ƙofata, bai shigo ba, ya ce in na fita gobe in sani na fitar da ƙafata daga garka, domin ba zai ciyar da mai tona shi ba. Na ce Allah ya kai mu.

Da hantsi na yafa mayafina na tafi. An shimfiɗa tabarmi a gindin bishiyar bedi ta ƙofar mai unguwa, an ajiye tebur. Shugaban kwamitin wani tsohon malamin lakwal ne, Mushe Abdu, kamar yadda muke kiran malaman lakwal, wanda ya koyar da rabin mazan da ke zaune a wurin. Wakilan partoci suna gefensa, kowa yana hararar ɗan'uwansa. Mata muna can baya a jikin katanga. Mushe ya fara karatu, yana kiran suna yana ɗan dakatawa. Ya kira wani maƙeri da aka binne tun ina amarya, wuri ya yi tsit, 'ya'yansa suna kallon ƙasa. Ya kira wata tsohuwa mai daddawa da ni kaina na je gaisuwar mutuwarta, babu wanda ya yi tari. Mushe ya cire tabarau ya dube mu.

"Ashe unguwar nan Mala'ikan mutuwa bai san hanyarta ba? To ni ma nan zan dawo da zama."

Aka yi 'yar dariyar kunya, ya ci gaba. Da ya iso gidanmu ya kira baffanku, ya amsa. Ya kira Hajiya, ya kira ni. Sannan ya kira mahaifinku. Na miƙe tsaye.

"Ya rasu."

Kawuna suka juyo gaba ɗaya. Ban dubi inda baffanku yake ba. Wakilin partinsa ya yi wuf ya miƙe, ya ce wannan mutum ɗan cin rani ne, yana Najeriya, kuma an sha ganin wanda ya yi shekaru ba labari ya dawo da ƙafarsa. Ya ce maganar mace ɗaya ba ta isa a goge ɗan ƙasa ba, ina shaida? Mushe ya ce gaskiya ne, sai da shaida daga cikin gida. Na duba cikin maza, ga biyu daga cikin waɗanda suka kawo jakarsa suna zaune. Ɗaya yana gyaran hularsa, ɗaya yana zane a ƙasa da tsinke. Ban ga laifinsu ba, takin da suke samu ta hannun Alhaji yake biyowa. Na tsaya ni kaɗai, rana ta kawo tsakar ka, ina jin raɗa tana yawo a bayana. A raina na ce shi ke nan, na rasa garka, na rasa gida, kuma ban cire shi ba.

Sai na ji mata suna matsawa suna ba da hanya. Inna ce, wadda ta daɗe ba ta wuce zaure ba, tana dogara sanda da hannu ɗaya, Hajiya Tsahara tana riƙe da ɗayan. Ku lura da wannan, matar baffanku ce ta kawo ta, kuma ta san abin da zai biyo baya a ɗakinta. Mai unguwa da kansa ya tashi ya ce a kawo kujera, Inna ta ƙi zama. Ta tsaya a gaban tebur tana haki. Mushe ya gaishe ta da ladabi, ya ce mata doka ta ce sai shaida ta faɗi sunan mamacin da bakinta. Wuri ya yi shiru, domin kowa ya san mahaifinku ɗan farinta ne, tunda ta haife shi bakinta bai taɓa furta sunansa ba. Wani dattijo ya ce a yi mata afuwa, ta nuna da kai kawai ya isa. Inna ta girgiza kai.

"Mamman Lawali," in ji ta. "Lawali na Malam Haladu. Ni na haife shi. Ya rasu a Ikko, an binne shi inda ban sani ba. Tunda ni da na haife shi in na kira ba zai amsa ba, kada wani ya ƙara amsa masa. Ku goge, ku bar min yarona ya kwanta."

Mushe ya ja layi a hankali, ya ce Allah ya jiƙansa, jama'a suka amsa da amin. Baffanku ya tashi ya kaɗe rigarsa ya bar wurin. Ina ganin shi ke nan za a ci gaba, sai matar maƙerin nan ta ɗaga murya daga jikin katanga ta ce a koma baya, nata ma ya rasu. Wata ta ce uwarta. Wani saurayi ya ce kakansa. Har wakilin abokan hamayya, da ya ga kowa yana kallonsa, ya share murya ya faɗi mutum biyu daga gidansu. Mushe ya koma farkon takarda ya sake karatu, kowane suna aka goge sai a yi masa addu'a. Zaman da aka zo yi na hukuma ya koma kamar zaman ta'aziyya, wasu suna share hawaye a kan mutanen da suka daɗe da mantawa da yi wa fatiha.

Baffanku ya cika maganarsa. Kafin a sari raken shekarar ya ba wani garkar. Bai kore mu ba, kada wanda ya gaya muku haka. Ya dai daina amsa gaisuwata, in zai ambace ni sai ya ce waccan matar, kuma gidan da maigida ba ya amsa sallamarka ya fi ƙarfin zama. Na kwashe ku muka koma bayan tasha, na kafa kaskon ƙosai inda motocin Damagaram ke lodi, da rana in yi ƙuli-ƙuli. Kai babbansu, kai ka biya mafi tsada. Kana da ƙwaƙwalwa, malamanka suna yabonka, amma ka ajiye karatu ka bi hanyar da mahaifinka ya bi tun gemu bai fito maka ba. Ranar da na raka ka mota na koma na zauna a gaban kaskona har mai ya ƙone. Ba ka taɓa yi min gori ba, ni kuma ban taɓa mantawa ba. Abin da ya sanyaya min rai shi ne kai kana dawowa kowace damina, kuma da gumin shayinka Zuwaira ta yi karatun da ta zama ungozoma a gidan likita.

Shi ma baffanku ya biya nasa. Ɗan takararsa ya sami wani idon a unguwa, ya daina tsayawa da mota a ƙofarsa. Famfon da ake ta magana bai zo a wannan zaɓe ba, sai can baya, kuma ta wata hanya daban ya zo. Amma a zaɓen da ya biyo na tsaya a layin nan na lakwal, a gindin tagar nan, na kasa kunne tun daga farko har na shiga. Duk sunan da aka kira na san mai shi, kuma shi ne ya amsa. Na jefa ƙuri'ata da natsuwa, na koma kan kaskona ina waƙa, har wani direba ya tambaye ni ko ɗan takarata ne ya ci. Na ce masa ba a ma fara ƙirga ba.

Inna ba ta bar gidan ɗanta ba, kuma ban daina zuwa gaishe ta ba, nakan bari sai ya fita kasuwa. Ta ƙara shekaru masu dama a duniya. Da ciwon ajali ya kama ta, ni da Hajiya Tsahara muka yi jinyarta, mu muka yi mata wanka. A zaman makoki ni da baffanku mun gaisa kamar baƙi, ya ce ya haƙuri, na ce da godiya.

Washegarin sadakar bakwai, ina kwashe ƙosan safe, sai na ga babur ya tsaya a gaban rumfata. Baffanku ne. Furfura ta gama cin gemunsa, idanunsa sun faɗa. Ya daɗe yana wasa da makulli kafin ya yi magana.

"Zan je meri a kan maganar Inna. An ce sai da shaida."

Na sauke kasko, na roƙi maƙwabciyata ta duba min wuta, na wanke hannu na bi shi. Ya tura babur ɗin da hannu, yana gaba ina baya, muka ratsa tasha mutane suna kallonmu. A ofishin muka sami wata matashiyar ma'aikaciya, ba 'yar garin ba ce, ba ta san ko ɗayanmu ba. Ya ajiye katin zaɓen Inna a kan teburinta, ya ce mahaifiyarsa ce ta rasu, yana so a yi takarda kuma a cire ta daga cikin masu zaɓe. Ta rubuta abin da za ta rubuta, sannan ta nuna ni da alƙalami.

"Alhaji, wannan fa? Mece ce ita a wurinka?"

Na sunkuyar da kai, ina jiran in ji da wane suna zai kira ni. Ma'aikaciyar ta juyo ta dube shi.

"Yayata ce," ya ce. "Rubuta, yayata ce."